Darasi na Tara: Tsabtar Hoton Bidiyo da Nauyin da Take Ɗora wa Data da Waya

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya bayyana ma'anar lambobin da yake gani a jikin bidiyo, irin su 360p da 720p da 1080p da 4K. Ana so ya iya lissafa yawan datar da kallon awa guda zai ci, ya gane abin da ke sa waya zafi da shan caji lokacin kallo, sannan ya iya zaɓar tsabtar hoton da ta dace da wayarsa da aljihunsa.

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu mun taɓa sayen data da safe, mu kalli wa'azi ko wasan ƙwallo ko fim, kafin la'asar sai ga saƙo ya shigo cewa data ta ƙare. Wani kuma yana tsakiyar kallo sai hoton ya tsaya cak, 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa, bayan wayar ya ɗau zafi kamar an ɗora ta a kan murhu. Galibi akan ɗora laifin a kan sabis ko tsufan waya. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa dalilin yana cikin bidiyon kansa: an turo shi da tsabtar da ta fi ƙarfin hanyar da zai biyo, ta kuma fi ƙarfin na'urar da za ta nuna shi.

Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Hoto mai kyau garau ba ya zuwa a banza. Ana biyan kuɗinsa ta hanya uku: da data, da cajin batir, da wurin ajiya a cikin waya. Wanda ya san yadda ake wannan ciniki shi ne zai iya tsai da inda kuɗinsa za su tafi.

1. Hoto ɗigo-ɗigo ne

Ku ɗauki hular zanna ku duba ta kusa da ido. Zanen da kuke gani daga nesa, idan kun matso, ƙananan ɗinki ne aka jera, kowanne da launin zarensa. Hular da ɗinkinta ya fi ƙanƙanta da yawa ita ta fi fitar da zane, ita ta fi cin zare da kwanakin mai ɗinki, ita kuma ta fi tsada a kasuwa. Haka hoton da ke fuskar waya ko talabijin yake. Ƙananan ɗigogi ne masu haske aka jera layi-layi, kowane ɗigo ana kiran sa fiksel.

Lambar da ake rubutawa kafin harafin p a jikin bidiyo tana faɗin yawan layukan ɗigo daga sama zuwa ƙasa. Idan an ce 720p, layuka 720 ke nan, kowane layi da ɗigo 1,280. Domin a san jimillar, sai a ninka faɗi da tsayi:

Faifan VCD: 352 sau 288, ɗigo 101,376
360p: 640 sau 360, ɗigo 230,400
Faifan DVD: 720 sau 576, ɗigo 414,720
720p: 1,280 sau 720, ɗigo 921,600
1080p: 1,920 sau 1,080, ɗigo 2,073,600
4K: 3,840 sau 2,160, ɗigo 8,294,400

Daga 720p zuwa sama shi ake kira HD, wato hoto mai tsabta sosai. Waɗanda suka ga zamanin da finafinan Hausa suka tashi daga kaset zuwa faifan VCD za su tuna yadda fuskokin 'yan wasa kan yi dishi-dishi idan suna nesa da kyamara. Ɗigon da ke hoton 1080p ya ninka na wancan faifai sau 20.

Akwai wani abu a nan da yake ruɗin mutane. Mutum zai ga 360 da 720 ya ce ai ninki biyu ne. Ba haka ba ne, domin an ninka tsayi an kuma ninka faɗi. Gonar da aka ninka tsawonta aka ninka faɗinta ta zama gona huɗu, irin da za ta ci ma ninki huɗu ne. Saboda haka 720p ya ninka 360p sau 4, 1080p ya ninka shi sau 9, 4K kuwa sau 36.

2. Nauyin bidiyo kafin a matse shi

Bidiyo hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. A sinima ana nuna hoto 24 a sakan guda. Tsarin talabijin na Najeriya yana nuna 25, wayoyi kuma sukan ɗauki 30 ko 60.

Kowane ɗigo yana samun launinsa daga haɗin haske uku: ja, kore da shuɗi. Na'ura tana rubuta ƙarfin kowane ɗaya da lamba. Mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani shi ne bit, bit 8 kuma su ne bayit ɗaya. Kowane launi yana cin bayit ɗaya, ke nan ɗigo guda yana cin bayit 3.

Mu yi lissafi tare. Hoto ɗaya na 1080p yana da ɗigo 2,073,600. A ninka da 3, ya zama bayit 6,220,800, wato MB 6 da ɗan ɗori. A ninka da hoto 25, sakan guda ya ci kusan MB 155. Da a ce haka ake turo bidiyo ɗanye, giga ɗaya ba za ta kai sakan 7 ba, kallon awa guda kuwa zai lashe kusan giga 560. Babu aljihun da zai ɗauki wannan, babu kuma sabis ɗin wayar da zai iya jigilarsa. Dole aka nemi dabara.

3. Dabarar matse bidiyo

Idan ɗan'uwa ya zo daga ƙauye, ba ya zama ya siffanta muku garin gida-gida, domin kun san shi. Abin da ya sauya kawai yake faɗa: an yi haihuwa a gidan wane, an gina sabon masallaci, rijiyar bakin kasuwa ta ƙafe. Matse bidiyo ma a kan wannan hikima aka gina shi. Ana turo hoto ɗaya cikakke, sannan hotunan da ke biye sai a turo abin da ya sauya kaɗai. Idan malami yana zaune yana tafsiri, bango da kujera da littattafan da ke gabansa ba sa motsi. Bakinsa da hannunsa ne kawai ake ta sabuntawa.

Dabara ta biyu ita ce zubar da abin da ido ba ya kula da shi. Idon ɗan Adam ya fi lura da bambancin haske da duhu a kan bambancin launi, don haka ana rage bayanin launi ba tare da mai kallo ya ankara ba. Haka kuma ana yanka hoto gida-gida, a taƙaita kowane gida da wani lissafi da ake kira DCT, wanda injiniya Nasir Ahmed, haifaffen Indiya, ya wallafa tare da abokan aikinsa a Amurka a 1974. Har yau wannan lissafi ne ginshiƙin yawancin hotuna da bidiyon da ke yawo a intanet.

Ƙa'idar da ake bi wajen matsewa da warwarewa ita ake kira kodek. Faifan VCD ya yi aiki da MPEG-1, DVD da MPEG-2. A 2003 aka fito da H.264, wanda kusan kowace waya ta san shi. A 2013 aka samu H.265, wanda aka tsara domin ya ba da tsabta iri ɗaya da kusan rabin data, a shekarar kuma Google ya fitar da VP9. A 2018 wata haɗakar kamfanoni da ta ƙunshi Google da Netflix da Amazon da Microsoft ta fitar da AV1. Da irin waɗannan dabaru, bidiyon 1080p yakan ragu kusan sau 250 daga nauyinsa na asali.

Wannan ya bayyana wani abu da kuka sha gani. Bidiyon malami a zaune yakan fito tas ko da sabis ya yi rauni, amma bidiyon Hawan Daushe a Kano, inda dawakai ke sukuwa, ƙura na tashi, jama'a na motsi ta ko'ina, sai ya farfashe ya koma gida-gida. A can komai yana sauyawa a kowane hoto, babu abin da za a ce "yana nan yadda yake". Motsi mai yawa yana buƙatar data mai yawa, ko da lambar tsabtar ɗaya ce.

4. Faɗin hanya da yawan data

Abubuwa biyu ne ake yawan cakuɗawa, ya kamata a raba su. Yawan data shi ne ruwan da kuka saya, ana auna shi da MB da giga. Faɗin hanya kuwa shi ne kaurin bututun da ruwan zai biyo, ana auna shi da megabit a sakan, a rubuce Mbps. Mutum zai iya mallakar giga 50 amma bututunsa siriri ne, bidiyo ya yi ta tsayawa. Wani kuma bututunsa mai kauri ne, sai ruwansa ya tsiyaye da wuri.

YouTube ya ba da shawarar saurin da kowane mataki yake buƙata. Domin a mayar da wannan sauri zuwa datar awa guda, sai a ninka shi da 450, saboda akwai sakan 3,600 a awa, kuma bit 8 ne bayit ɗaya:

360p: Mbps 0.7, kusan MB 315 a awa
480p: Mbps 1.1, kusan MB 495 a awa
720p: Mbps 2.5, kusan MB 1,125 a awa
1080p: Mbps 5, kusan MB 2,250 a awa
4K: Mbps 20, kusan MB 9,000 a awa

Waɗannan lambobi ƙiyasi ne, ainihin abin da za a ci ya danganta da irin bidiyon da kodek ɗinsa. Amma sun isa a yi kasafi da su. Mai giga 10 a wata zai kalli kusan awa 32 a 360p, awa 20 a 480p, awa 9 a 720p, awa 4 da ɗan ɗori a 1080p. A 4K kuwa, awa ɗaya da 'yan mintoci ta cinye datar wata. Tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince a watan Janairun 2025 a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100, wannan lissafi ya shiga sahun lissafin cefane.

Waya ba ta jiran kowane hoto ya iso kafin ta nuna shi. Tana tara bidiyon 'yan sakanni a gaba, kamar yadda uwargida take cika randa kafin famfo ya ɗauke. Muddin ruwan da ke shiga randa ya kai wanda ake ɗiba, kallo zai tafi sumul. Idan ɗiba ta fi zubawa, randa za ta ƙafe, a nan ne hoto yake tsayawa da'ira ta kama juyawa. Domin kauce wa haka, manyan dandalin bidiyo suna ajiye kowane bidiyo a matakai da dama, a yayyanka shi guntu-guntu. Idan sabis ya yi rauni sai wayar ta nemi guntu na gaba a ƙaramin mataki, idan ya dawo ta haura. Wannan shi ne zaɓin da ke sarrafa kansa. Amfaninsa shi ne kallo ba ya yankewa. Illarsa kuwa, a wurin da sabis yake da ƙarfi wayar za ta iya haurawa babban mataki ba tare da ta tambaye ku ba. Shi ya sa wasu suke cewa tun da suka koma 4G ko 5G datarsu ta daina auki.

Ku sani kuma bututun nan na tarayya ne. Duk wayoyin da ke ƙarƙashin eriyar sabis guda suna raba ƙarfinta, don haka bayan isha'i, lokacin da unguwa duka take kallo, sauri yakan ragu. Ko ƙasashe masu arziki sun ɗanɗana wannan. A watan Maris na 2020, lokacin kullen korona, jami'in Tarayyar Turai Thierry Breton ya nemi kamfanonin bidiyo su sassauta, Netflix ya rage nauyin bidiyonsa a Turai da kusan kashi 25 cikin 100 na kwana 30, YouTube kuma ya mayar da matakin farko na kallo zuwa ƙasa da HD.

5. Aikin da ke kan na'ura

Isowar bidiyo cikin waya rabin aiki ne. Abin da ya iso a dunƙule yake, sai ƙwaƙwalwar waya, wato firosesa, ta warware shi, ta sake gina kowane hoto, ta zuba kowane ɗigo a gurbinsa kafin lokacinsa ya wuce. A 360p mai hoto 25 a sakan, ɗigo miliyan 5.8 ne ake shiryawa a kowane sakan. A 1080p kusan miliyan 52 ne. A 4K mai hoto 60 a sakan, lambar ta kusa miliyan 500. Kowane lissafi yana jan wuta daga batir, wutar kuma tana komawa zafi. Idan zafi ya yi yawa, waya takan rage gudun kanta don kada ta lalace, daga nan sai hoto ya fara tsalle, murya ta riga baki. A watannin bazara, lokacin da zafin gari kan haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, waya takan kai wannan hali da wuri.

A cikin yawancin wayoyi akwai wani ɓangare na musamman da aka ƙera domin warware bidiyo kawai. Shi kamar injin niƙa ne: aiki ɗaya ya sani, yana yin sa da sauri da wuta kaɗan. Amma kodek ɗin da aka gina masa kaɗai ya iya. Idan aka kawo wa tsohuwar waya sabon kodek, dole babbar ƙwaƙwalwar ta yi aikin da kanta, kamar a koma daka a turmi. Za a samu gari, amma da gumi. A nan akwai ciniki na biyu: sababbin kodek suna rage data, amma suna ƙara lissafi. Abin da aka sauƙaƙa wa bututu, an ɗora wa ƙwaƙwalwa. Wannan ne ya sa fim ɗin da mai tura finafinai ya sa muku a memori zai yi lafiya a wayar wani, ya ƙi buɗewa ko ya yi ta sarƙewa a taku.

Matsewa ta fi warwarewa wahala nesa ba kusa ba, domin mai matsewa sai ya binciki kowane hoto ya gano abin da ya sauya. Don haka ɗaukar bidiyo ya fi kallonsa shan caji, masu tace finafinai kuma sukan buƙaci kwamfuta mai ƙarfi idan aikin 4K ne. Ga kuma wurin ajiya. Bisa ƙiyasin da wayar iPhone take nunawa a saitinta, minti ɗaya na 1080p mai hoto 30 yana cin kusan MB 60, na 4K mai hoto 30 kusan MB 170, na 4K mai hoto 60 kusan MB 400. Wanda ya ɗauki minti 30 na ɗaurin aure a wannan mataki na ƙarshe ya cika giga 12.

6. Iyakar abin da ido yake gani

Tambayar da ta rage ita ce: shin ido yana ganin duk abin da aka biya? Wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa, irin waɗanda suka cika kasuwanninmu, fuskarsu tana da ɗigo 720 ne a gajeren ɓangarenta. Idan aka kunna 1080p ko 4K a irin wannan waya, za ta sauke duk datar, ta warware duk ɗigogin, sannan ta rage su zuwa adadin da fuskarta take ɗauka. An zuba ruwan tulu a kofi, sauran ya malale.

Talabijin ma haka ne. Masana sun auna cewa ana cin moriyar 1080p idan an zauna a nisan da ya ninka tsayin hoton sau 3, 4K kuwa sau ɗaya da rabi. Talabijin mai inci 43 tsayin hotonta kusan santimita 54 ne. Ke nan sai an zauna a ƙasa da mita ɗaya kafin a ga cikakkiyar fa'idar 4K. Mai zaune a ƙarshen falo, mita uku daga talabijin, da wuya idonsa ya bambance 4K da 1080p.

Wannan ba ya nufin babbar tsabta ba ta da amfani. Ɗalibin da ke kallon darasi mai ƙananan rubutu a allo, da telar da ke koyon sabon ɗinki, da mai gyaran waya da ke bin hannun malaminsa a kan ƙananan wayoyi, duk suna buƙatar 720p ko fiye. Mai gidan kallon ƙwallo da ke da babban majigi yana buƙatar 1080p. Wanda zai ɗauki bidiyon da za a adana shekaru, gara ya ɗauka da tsabta. Amma mai sauraron wa'azi ko labarai ko hira, inda murya ce abin nema, 240p ko 360p ya wadatar. Daidai ruwa, daidai tsaki.

7. Abin da za ku iya yi tun yau

Ku shiga saitin manhajar da kuke kallo da ita, ku zaɓi matakin tsabta da hannunku maimakon ku bar ta ta zaɓa. Ku kashe kunna bidiyo kai tsaye a Facebook, ku hana WhatsApp sauke bidiyo sai kun taɓa. Bidiyon da za ku kalla fiye da sau ɗaya, ku sauke shi sau guda, ku tura wa 'yan'uwa waya zuwa waya ba tare da data ba. Kafin ku ɗauki bidiyo, ku duba saitin kyamara. Idan kuma za ku tura wa iyaye ko dangi a ƙauye, ku tuna cewa su ma za su biya da datarsu kafin su gani, kuma bututunsu ya fi naku ƙanƙanta. Rage nauyin bidiyo kafin a tura shi yana daga cikin tausayi.

Sababbin kalmomi

Fiksel: ɗigo ɗaya na hoto.
Bit da bayit: ma'aunan bayani, bit 8 su ne bayit ɗaya.
Faɗin hanya: yawan bayanin da zai iya wucewa a sakan guda.
Kodek: ƙa'idar matse bidiyo da warware shi.
Firosesa: ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi a waya ko kwamfuta.

Tambayoyi

1. Me ya sa 720p ya ninka 360p sau huɗu, ba sau biyu ba?
2. Bidiyo yana tafiya a Mbps 3. MB nawa zai ci a awa biyu?
3. Bayyana bambancin yawan data da faɗin hanya, ka kawo misali naka na kanka.
4. Me ya sa bidiyon sukuwar dawaki ya fi na mai karanta labarai farfashewa idan sabis ya yi rauni?
5. Kawo dalilai biyu da ke sa waya zafi lokacin kallon bidiyo mai tsabta sosai.

Aikin gida

Ku zaɓi bidiyo guda mai minti 10. Ku duba ragowar datarku ku rubuta, ku kalle shi a 360p, ku sake dubawa. Washegari ku maimaita a 720p. Ku rubuta MB ɗin da kowanne ya ci, ku mayar da su naira ko sefa bisa farashin da kuke sayen data, sannan ku rubuta gaskiyar abin da idonku ya gani na bambanci. Ku zo da takardar aji mai zuwa, za mu jera sakamakon kowa a allo mu gwada shi da lissafin da ke sashe na huɗu.